Hannun Hagu

Shekara hamsin da uku ina tsare da hannun hagu.
Ba ya shiga kwano, ba ya karɓar canji,
ko gaisuwa ba a aikensa.
Inna ta taɓa ƙwala masa ludayi
don ya miƙa wa baƙo ruwa.
Yau ga shi kan haƙoran fiyano
a hawa na biyu, cikin Sheffield,
wai shi zai riƙe gindin kiɗa.

Fam arba'in na saye ta
hannun wata tsohuwa mai shirin komawa wurin ɗiyarta.
Mu huɗu muka hau da ita bene,
Barau yana tsine wa kafintan da ya ƙera ta.
Haƙori ɗaya can ƙasa ya mutu,
in ka danna sai katako ya amsa.
Na bar shi. Ni ma ina da irinsa.

Mu goma sha ɗaya ne,
ba wanda ya taɓa shan shayin wani.
Akwai Gwenda a wani ƙauyen Wales,
sanyin ƙashi ya kumbura mata yatsu,
ta zaɓi kiɗa mai tafiyar hawainiya.
Akwai Fintan mai gyaran famfo,
ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, ya sani, ya ƙi saukewa.
Asabar ɗin ƙarshen wata
kowa zai kunna kyamara daga ɗakinsa
ya buga abin da ya samu.

Nawa shafi biyu ne kacal.
Wani bature ya rubuta shi a hasken kyandir,
ya rasu tun ba a haifi kakan kakana ba,
ya bar mini baƙaƙen tururuwa
jere kan layuka biyar.
Wata huɗu ina bin sawunsu.

Gaɓa ta goma sha bakwai, nan ramin yake.
Na dama ya tsallake,
na hagu ya tsaya yana zare ido
kamar baƙo a tashar mota.
Ina tuƙa bas, danja ta tsayar da ni,
sai in ga yatsuna suna bita kan sitiyari,
ruwan sama yana riƙe musu lokaci a gilashi.
Sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
To, busasshen fa, a jefar?

Misis Ollerenshaw ta maƙwabta
da fari bango take bugawa.
Ran da mura ta kwantar da ni kwana uku
ta tare ni wajen kwandon shara:
«Ka haye wurin nan da kake faɗuwa?»
Na ce tukuna.
Ta ce, «To me kake jira?»

Daren ya zo.
Na jingina waya da gwangwanin madara,
na sa hular da nake zuwa Juma'a da ita.
Ƙananan tagogi goma sha ɗaya a allo,
labule, fitila, wutsiyar kyanwar wani.
Gwenda ta tsaya a tsakiya,
ta dubi yatsunta, ta ce a yi haƙuri,
ta koma farko.
Ba wanda ya motsa.
Da ta gama muka tafa mata,
an kashe mana murya,
tafin ya zama hannuwa kawai suna buɗewa suna rufewa.

Aka kira ni.
Goma sha biyar. Goma sha shida.
Na riƙe numfashi saboda na hagu,
sai na dama, ɗan lele,
wanda ya ci tuwo duk tsawon rayuwata,
ya zame.
Na hagu bai waiwaya ba.
Ya ci gaba da takunsa can ƙasa,
ɗaya, biyu, uku,
ɗaya, biyu, uku,
har ɗan'uwansa ya karkaɗe riga ya cim masa.

Bango ya amsa sau uku, a hankali.

Na rufe fiyano, na haɗa shayi,
na ɗauki kofin da hagu.
Inna, ki yafe mini.